Kyamara Ba Ta San Doki Yana Sukuwa Ba

Sau da yawa mukan ga an ɗauki hoton mahaya a Hawan Daushe, amma dawakin su fito dishi-dishi. Ga dalili. Kyamarar zamani takan auna haske, sa'an nan ta zaɓi tsawon lokacin da ƙofarta za ta zauna a buɗe. In rana ta yi sanyi, sai ta ƙara lokacin. Rawar hannun mai ɗauka take tsoro, saboda haka da gilashi mai milimita 50 takan tsaya wajen kashi 1 cikin 60 na sakan. Doki mai sukuwa kuwa sai kashi 1 cikin 1000. To, jama'a, mu juya ta zuwa S ko Tv, mu zaɓi lokacin da kanmu.