Wuta da Wayar Ƙasa a Tarhon Ofis: Gaskiya da Jita-jita

Na'urar rarraba kira, wadda ke haɗa tarhunan ofis, asibiti ko shago da layin waje, tana buƙatar wuta mai daidaito da wayar ƙasa mai inganci, wato wadda ke zubar da wuta cikin ƙasa. A Ibohamane da sauran garuruwan Keita, Bouza da Madaoua a jihar Tahoua, inda ake dogara da wutar NIGELEC, janareta da sola, maganganu na yawo a kan lamarin, wasu gaskiya, wasu kuwa shaci-faɗi.

Ana cewa tarho ba ya mutuwa ko an ɗauke wuta. Haka tsohon tarhon gida yake, domin batura masu bolt 48 na kamfanin tarho ne ke ba shi wuta ta cikin layi. Na'urar ofis kuwa da wutar ginin take aiki, kuma sai da batirinta. Katse wutar da Nijeriya ta yi wa Nijar a watan Agustan 2023 ya nuna muhimmancin hakan.

Batun cewa wayar salula na jawo aradu ba shi da tushe. Hatsarin yana ga tarho mai igiya da wayar da ke caji, domin aradun da ta faɗa kan layi daga nesa tana iya biyo waya har cikin ɗaki. Cire caji idan hadari ya taso a damina hikima ce.

Wai mai sola ba ruwansa da wayar ƙasa: kuskure ne. Farantan suna kan rufi cikin firam ɗin ƙarfe, inbata kuma tana fitar da bolt 220, daidai da wutar gari. Haka nan na'urar daidaita wuta ba ta tare aradu. Hawa da saukar wuta a hankali take gyarawa. Tare aradu aikin na'urar kariya ne, ita ma ba ta da inda za ta zubar da wutar sai ta wayar ƙasa.

Zancen zuba gishiri da gawayi a ramin sandar wayar ƙasa rabinsa gaskiya ne. Ƙasar wannan yanki na Adar mai duwatsu da tsakuwa ba ta karɓar wuta da sauƙi idan ta bushe, kuma gishiri na taimakawa. Amma yana cin sandar, ruwan sama kuma yana wanke shi. Abin da ya fi ɗorewa shi ne a kafa sanduna masu rufin jan ƙarfe guda biyu ko uku a wuri mai laima, tazararsu aƙalla tsawon sanda ɗaya, a haɗa su, a auna juriyarsu da rani. Galibi ana neman ƙasa da om 10.

Ɗaura wayar a bututun ruwa ba ya wadatarwa, tunda yawancin bututun yanzu na roba ne. Kuma tarho, sola da janareta duk wayar ƙasa ɗaya ya kamata su bi, domin idan an raba su, bambancin ƙarfin wuta a tsakaninsu shi ke ƙona na'ura.