Numfashin Maniyyaci a Cikin Jirgin Sama

Kowace shekara muna raka dattawanmu na Maruta, Gwaram da Birnin Kudu zuwa jirgin Makka, amma ba kasafai muke tambayar lafiyar ƙirjinsu ba. To, ya kamata mu sani, iskar cikin jirgi tamkar ta kan dutse ce mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400. A can iska sakayau take, saboda haka oksijin da huhu ke tura wa jini yana raguwa.

Mai lafiya ba ya ko lura, domin Allah Ya hore wa jiki dabara: numfashi ya ƙara sauri, zuciya ta ƙara bugu. Wanda ya yi makonni kan tsauni har ƙarin jajayen ƙwayoyin jini jikinsa ke yi. Amma mai fuka, da mai ciwon zuciya, da mai amosanin jini, ba su da rarar ƙarfin jure wannan.

Don haka muna kira ga maniyyata, a faɗa wa likita gaskiya tun a gida, a kuma riƙe maganin shaƙa a hannu, kada a jefa shi cikin babbar jaka. Allah Ya kai su lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, amin.