Hukuncin Kai Ƙarar Mai Gona Da Ya Yi Watsi Da Gonarsa

Tambaya ta zo mana daga Baleyara, kuma irinta ta sha zuwa daga ƙasar Kurfai: mutum yana noma gonar aro ko ta haya a Dallol Boso, mai ita yana Yamai ko Kwatano shekara da shekaru. Iyaka ta ɓace, maƙwabci yana ci, ruwa ya fara yanka kwazazzabo, ba wanda za a tambaya izinin shuka itace. Wata gonar kuwa an hana kowa, ta koma saura. Shin kai wannan magana gaban hukuma gulma ce mai rage ladan azumi?

Ba gulma ba ce. Imamu Nawawi, Allah ya jiƙansa, ya lissafa wurare 6 da ambaton aibin mutum ya halatta, daga ciki akwai kukan wanda aka zalunta a gaban mai ikon share masa hawaye. Hindu ƴar Utba ta kai kukan rowar mijinta Abu Sufyan, Annabi (SAW) bai tsawata mata ba. Kuma hadisin Jabir ya umurci mai ƙasa ya noma ta ko ya ba ɗan'uwansa ya noma. A kan wannan ne Sayyidina Umar ya karɓe wani sashe na filin Aƙiƙ daga hannun Bilal ɗan Haris da ya kasa raya shi, alhali Annabi ne ya yanka masa.

Dokar karkara ta Nijar, ta ranar 2 ga Maris 1993, ta bi kusa da haka. In gona ta yi shekara 3 a jere ba a raya ta ba, kuma babu uzuri karɓaɓɓe, hukumar filaye tana iya damƙa nomanta ga wani. Mallaka kuwa tana nan ga mai ita. Mu kula da wannan, domin mun ga masu kai ƙara da kwaɗayin gadon abin da ba na ubansu ba. Wanda fari ko tashin hankali ya kora daga garinsa, ko maraya da bai kai ƙarfin riƙe hauya ba, ba a kiransa mai sakaci.

Sai a fara da aike: wayar salula ta rage nisa, a kira shi, a sa danginsa a tsakani. In ya ƙi, a je wurin maigari, wanda shi ne shugaban Kofob, tare da shaidu biyu adilai, a faɗi abin da ido ya gani kawai. In ba a daidaita ba, sai Kofokom ta gunduma.

Mai aro kuma ya ci gaba da ajiye damman da aka yi alkawari, ko mai gona bai aiko ba, ya kuma nemi takardar aro tun kafin ruwan shuka ya sauka.