Ba Kowane Baƙin Dunƙule Ne Ya Faɗo Daga Sama Ba

Tun da aka yi gwanjon wani dutse a birnin New York a watan Yulin 2025 kan fiye da dala miliyan 5, dutsen da aka tsinta a yankin Agadas a 2023, duk wanda ya yi tuntuɓe da baƙin dunƙule mai nauyi sai ya hau lissafin gida da mota. Hukumomin Nijar ma sai da ciniki ya faɗa suka buɗe bincike kan yadda ya fice daga ƙasar, ihu bayan hari. Wancan dutse kuwa ɓallin duniyar Mars ne, ƙarancin irinsa ya jawo masa tsada. Duwatsun sama na ƙarfe ba su kama ƙafarsa a kuɗi ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne gwajin maganaɗisu. Da ya manne, sai a ce magana ta ƙare. To ai ƙusa ma tana mannewa. Ƙasarmu cike take da kashin maƙera a kufan da kakanni suka narka tama, wani ma yakan kama maganaɗisu. Ka duba shi: duk ƙofofi ne da kumfa. Ƙarfen sama ba shi da wannan, a cure yake, ga nauyin da ya fi ƙarfin girmansa.

Shaidar gaskiya tana ciki. Masana sukan yanka ƙarfen, su goge fuskar har ta yi sheƙi, su shafa asid mai sauƙi. Nan take, a galibinsu, sai wani zane ya bayyana, layuka suna gitta juna kamar saƙar tabarma. Ana kiransa da sunan Widmanstätten, wanda ya lura da shi a Biyana a 1808.

Asalin zanen ya kai shekara biliyan 4.5. A lokacin, wasu manyan duwatsu masu kewaya rana sun narke da zafin cikinsu. Ƙarfe da nikel, saboda nauyi, suka nutse tsakiya, dutse ya taso ya lulluɓe su. Daga nan sai hucewa, a wasu ma 'yan digiri kaɗan cikin shekara miliyan guda. Wannan jinkiri ne ya ba ƙarfen damar rabuwa gida biyu, mai ƙarancin nikel yana tsirowa falle-falle cikin mai yawan nikel. Faɗin layukan ma yana gaya wa masana saurin hucewar. Daga baya duwatsun suka yi karo, suka farfashe, ɓaraguzan cikinsu suka bazu, wasu har suka faɗo duniyarmu.

Wancan jinkirin hucewa ne ya sa ba maƙerin da zai iya ƙera jabun zanen. Amma yana iya ɓata shi. Wanda ya kai tsintuwarsa maƙera, aka zuga mata wuta har ta yi ja don a gani "ko na gaske ne", ya ɓata zanen, ya kuma zubar da darajar abin da hannunsa.

Irin wannan ƙarfe ba ya yawan faɗowa: kusan 5 ne cikin 100 na duwatsun da aka ga saukarsu. Ɗaya ya faɗo a Udei, cikin Binuwai ta yau, a 1927. Mafi girma, Hoba na Namibiya, mai kimanin tan 60, yana nan inda wani manomi ya same shi a 1920, gwamnatin ƙasar ta mayar da wurin abin tarihi tana tsaronsa.