Amfanin Taƙaita Labarin Kasuwar Hannun Jari

Hannun jari shi ne rabon da mutum ya saya cikin dukiyar kamfani. In kamfanin ya ci riba a ba shi kasonsa, in kuwa ya faɗi, to, da shi aka faɗi. Babbar kasuwar wannan ciniki a Nijeriya tana Ikko, watau Legas. An kafa ta cikin 1960, aka fara ciniki cikin 1961, tun 2021 kuma ana kiranta NGX. A da sai mutum ya taka zuwa ofishin dillali ya cike takarda. Yau kuwa yana zaune a Lokoja ko Ibadan sai ya saya da wayar hannu.

To, saye ya yi sauƙi, amma sanin abin da ake ciki bai yi ba. Kamfanonin da ke cikin kasuwar sun fi 100, kowanne yana fid da rahoto mai shafuffuka tuli. Ina malami mai aji da gyaran littattafan yara zai sami sukunin karanta su duka? Saboda haka masu ƙaramin jari su kan raba aikin. Wannan ya bi labarin bankuna, wancan na Dangote Cement, wani na MTN, sa'an nan kowa ya taƙaita nasa cikin layi biyar ko shida ya aika wa sauran. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Babban amfanin wannan shi ne kiyaye lokaci. In kamfani zai raba riba ya kan sa rana, wanda sunansa ba ya cikin rajista ran nan ba shi da kaso. Haka kuma cikin 2024, da Babban Bankin Nijeriya ya umurci bankuna su ƙara jarinsu, da yawansu suka yi wa masu jarinsu tayin sababbin hannaye, suka yanka wa'adi. Wanda labari bai kai masa ba sai bayan wa'adi, tayi ya wuce shi.

Amma fa a lura, hanyar da gaskiya ke bi nan jita-jita ke bi. Kafin 2008 mutane da yawa sun ci bashin banki sun sayi hannaye don kawai sun ji ana cewa farashi na hawa. Da kasuwa ta faɗi cikin shekarar, jari ya narke, bashi ya tsaya. Don haka taƙaitaccen labari ba ya cika sai da abu uku: a faɗi inda aka samo shi, a sa kwanan wata, a kuma raba abin da kamfani ya sanar da abin da mai rubutu ke zato. In an ambaci dillali, a duba ko yana da rajista da hukumar SEC.

Ku da za ku fita koyarwa, darasin taƙaita labari da za ku ba yara shi ne wannan aikin. Ku koya musu su rage tsawon magana ba tare da sun sāke ma'anarta ba, gama wata rana kuɗin wani zai rataya a kan layi biyar ɗin da suka rubuta.