Yadda Cocin Dutse Ya Ci Wuta a Paris

Tun ranar 15 ga Afrilun 2019 da gobara ta tashi a majami'ar Notre-Dame da ke Paris, har aka sake buɗe ta a Disambar 2024, akwai zancen da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa: wai ginin dutse ba ya cin wuta, saboda haka da hannun wani a ciki. Masu bincike dai ba su samu shaidar ganganci ba, sun fi zargin guntun sigari ko tartsatsin lantarki. Mai wancan zancen kuwa bai san ginin ba ne.

Rufi biyu gare shi. Wanda mai ibada ke gani in ya ɗaga kai na dutse ne, tsayinsa ya haura mita 30. A bisansa akwai na katako da aka lulluɓe da dalma, wanda Faransawa ke kira daji saboda yawan itatuwan da aka zuba masa. Wasu tun ƙarni na 13 suke can suna bushewa. Su wutar ta lashe.

Na dutsen shi ya ceci cocin. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, ya san bakan gizo: nauyinsa ba ƙasa kawai yake dannawa ba, yana tura bango waje. Maginanmu sukan ƙara wa bango kauri. Haka Turawa ma suka yi da farko, cocinsu ya zama kamar kogo, ga kauri ga duhu. Maginan Notre-Dame, da suka fara aiki a 1163, sai suka bi sabuwar dabara. Suka yi baka mai tsini a sama, suka tattara nauyin rufi a kan ginshiƙai, daga baya aka kafa wasu bakunan dutse ta waje suna tokare ginin. Baƙi kan ɗauka ado ne. A cire su a gani. Da bango ya huta da ɗaukar kaya, sai aka huda shi aka sa manyan tagogin gilashi masu launi, domin malaman coci irin su Suger na Saint-Denis sun ɗauki haske a matsayin alamar Ubangiji. Ba lissafin injiniya suka yi aiki da shi ba, gwaji ne da gogewa, shi ya sa da maginan cocin Beauvais suka kai rufinsu mita 48, wani ɓangarensa ya rufto a 1284.

Rufin dutsen Notre-Dame kuwa ya tare garwashin, in ban da 'yan wuraren da ya ɓurme, musamman inda doguwar hasumiyar tsakiya ta faɗa masa. Ita ma hasumiyar da duniya ta yi wa kuka ba ta zamanin maginan farko ba ce, mai zanen gini Viollet-le-Duc ne ya ɗora ta wajen 1859.

In laifi ake nema, ga shi a fili. Ginin na gwamnatin Faransa ne, amma a lokacin gobarar babu na'urar feshin ruwa a cikin wannan daji, babu katangar tare wuta. Da ƙararrawa ta kaɗa, wani wuri daban aka tura mai gadi ya duba, aka yi asarar kusan rabin awa. Sai da aka tara gudummawar sama da Yuro miliyan 800 sannan aka saka na'urorin.