Haƙori Ɗaya a Taimin Bel

A gareji akwai aikin yara, akwai kuma wanda sai Oga ya taso daga benci. Yaro zai kwance fanbel da fule da murfin roba, amma in an zo ɗora taimin bel, sai ya koma riƙe tocila.

Wannan bel mai haƙora shi ke haɗa kiranshaf na ƙasa, mai ɗaga fistin, da kamshaf na sama, mai buɗe bawul. Duk zagaye biyu na kiranshaf, kamshaf ɗaya yake yi, kuma dole bawul ya kauce kafin fistin ya iso. Don haka kafin a cire tsohon bel, bakanike kan juya injin har fistin na ɗaya ya kai ƙoli, tsagar da kamfani ya yi a jikin fule ta zo daidai da ta jikin injin. Wasu kan ƙara ɗiga farin fenti. Peugeot 406 kuwa ramuka gare ta da ake zira ƙarfe a kulle shaf ɗin, a garejinmu kuma sau da yawa bakin diril ko dogon noti ke wannan aiki.

In aka tsallake haƙori ɗaya, mota za ta tashi, amma ba ƙarfi, ga shan mai, ga kakkarwa a silo. In tsallaken ya yi yawa, ko bel ya tsinke ana tafe, to ya danganta da injin. Camry mai injin 2.2 mutuwa kawai take yi a gefen titi. Honda Accord ta 1998 zuwa 2002 kuwa, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa shi, sai an sauke kan silinda, an sayi bawul da gasket. Shi ya sa ƙwararre ba ya murɗa makulli sai ya cire fulogi, ya juya injin da sifana zagaye biyu a hankali, yana sauraron ko wani abu ya tokare, sannan ya sake duba alamomin. Wannan minti biyar ɗin, a ganina, su mai mota ke biya ba tare da ya sani ba.

Kayan kuma daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ake sayo su, inda jabu da na ƙwarai ke zuwa cikin kwali kusan iri ɗaya. Yawanci ana son a sauya bel tsakanin kilomita 60,000 da 100,000, amma wa ya san tarihin motar da ta sauka daga Kwatano? In bakanike ya ce, "Alhaji, a haɗa da tenshina da famfon ruwa tunda an riga an buɗe," sai Alhaji ya ga kamar za a cuce shi. Kuɗin aiki sai an yi ciniki, daga ciki ake fitar da na abincin yara da sabulu da hayar fili. In kuwa jabun bel ya tsinke bayan wata biyu, gareji ake janyo motar, mai shago yana can yana cinikinsa.